Zakaran da Na Hana Kawu Yankawa

Na dawo daga karatu a Katsina ina da shekara ashirin da 'yan kai, da rawanin da ya fi kaina girma, da gafaka cike da takardu, da wani irin kallo da nake yi wa mutanen garinmu kamar na tarar da su suna cin mushe. Lokacin Dakoro ba ta kai a kira ta gari ba. Rijiya ce ɗaya mai zurfi, da 'yan gidajen kara kewaye da ita, da gonakin gero. Ba wanda ya taɓa ganin Nasara a cikinmu, sai labarinsu a bakin fatake.

Mutumin da zan yi magana a kansa kawuna ne, yayan mahaifiyata. Anne ne, wato cikin mutanen da ba sa sallah, masu bin abin da kakanninsu suka bar musu. Gida huɗu ne irinsu a garin. Inna ta kama sallah ne da ta auri babana, shi kuwa babana ya rasu ina rarrafe, sai Kawu ya kwashe mu ya kai gidansa. Geronsa na ci na girma. In muna gona ya ga inuwa ta karkata, shi ne zai ce mini, "Kai, aje hauya ka tahi ka yi sallarka, kada uwarka ta ce ni na hana ka." Shi kuma ya zauna gindin gawo yana tauna taba har in gama.

Sana'arsa yasar rijiya. In rani ya yi nisa, rairayi ya cike idon ruwa, wasaki, wato gugan fata, ya fara fitowa da laka, Kawu ake kira. Ba mai iya shiga wannan rijiya sai shi, don in ka leƙa ba ka ganin ƙasanta. Amma yana da ka'idarsa. Kafin a ɗaura masa igiya sai ya yanka jan zakara a kan itacen bakin rijiyar, ya zuba gumba kaɗan a ciki, ya duƙa ya yi magana ƙasa-ƙasa da wanda yake kira mai rijiya, yana neman izinin shiga gidansa. Tun ina yaro nake ganin wannan. Na ma sha cin cinyar zakaran.

A ranin da na dawo rijiyar ta ƙafe da wuri. Aka je wajen Kawu, ya ce a nemo zakara. Ni kuwa da na ji, sai na gyara rawani na nufi zauren mai gari.

Ya kamata in faɗi gaskiya a nan, tunda na tsufa kuma ba wanda zan burge. Na yarda da abin da na karanta, wannan ba ƙarya. Amma abin da ya tashe ni ranar ba shi kaɗai ba ne. Wata biyu da dawowata ba wanda ya tambaye ni ko hukuncin alwala. Kowa wajen tsohon limaminmu yake zuwa, mutumin da in yana karatu nake ƙirga kurakuransa a zuciyata. Ina neman abin da zai sa gari ya san na dawo, sai ga zakaran Kawu.

Aka taru a zaure, mai gari da liman da dattawa, da samarin da suka fara bina. Na yi magana mai tsawo. Na ce garin da ake kiran sallah a cikinsa bai kamata a zubar da jini ga wanin Allah ba, kuma ruwan da muke alwala da shi ne ake yi wa wannan aiki. Na ce a hana, ba zakara kaɗai ba, duk wani tsafi da ake yi a gidajen nan huɗu, wanda ya ƙi kuwa ya nemi wani wurin zama.

Liman ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗana, tun kakanninmu muna zamne da mutanen nan. Ba su taɓa hana mu sallah ba. In anka yi musu haihuwa ni suke kira in yanka rago. Biyu daga cikinsu sun kama sallah a hannuna, ba wanda ya koro su zuwa gare ta. In ka hana mutum abin da ya ba gaskiya da shi, hannunsa ka riƙe, zuciyar tana nan inda take. Ka bar su, ka yi musu wa'azi."

Na ce masa irin wannan sanyin jiki ne ya sa garin yake yadda yake. A gaban mutane na faɗa wa tsoho haka. Sannan na juya ga mai gari na ce in bai hana ba, duk ayarin da ya biyo ta nan zan gaya wa malamansa irin ruwan da muke sha. Mai gari mutum ne mai gudun magana, kuma yana ganin samari sun fi yawa a bayana. Ya shafa gemu, ya ce an hana.

Aka aika aka kira Kawu aka gaya masa. Bai dubi mai gari ba, ni ya duba.

"To Malam," ya ce, karo na farko da ya kira ni haka, "rijiyar hwa?"

"Ka yi bisimilla ka shiga, Kawu."

"Ni ban iya shiga gidan mutum ban yi sallama ba."

Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya fita.

Kwana huɗu rijiya tana ba da laka. Mata suka riƙa tafiya wajen Korahane da tuluna a ka, su fita da sassafe su dawo rana ta take. Awaki suna kuka a turke. Samarina da suka cika baki a zaure, ba wanda ya yarda a ɗaura masa igiya, ni ma ban ce a ɗaura mini ba. Mutane suka fara kallona a kaikaice, na ga alamar abin zai juyo kaina. Inna tana cikin masu zuwa ɗiban ruwan, da ciwon gwiwarta. Daga baya na ji Kawu ya gan ta tana sauke tulu tana dafa bango, ya tsaya ya daɗe yana kallonta.

A rana ta biyar da hantsi sai ga shi a bakin rijiya, da 'yar gajeriyar hauyarsa da ƙwarya, ba zakara, ba gumba. Gari ya taru. Ya tuɓe riga ya ɗaga hannuwa aka fara ɗaura masa igiya a ƙugu. Ina tsaye kusa ina kallonsa. Mutumin da ya shiga wannan rami sau da yawa yana zolayar masu riƙe igiya, yau leɓensa ya bushe, idonsa yana kan bakin rijiya. A wajensa mutuwa zai tarar a ƙasa, bai da shakka ko kaɗan, kuma ya zo. Da aka ja kullin ƙarshe sai fitsari ya zubo masa, ya bi ƙafarsa har ƙasa.

Wani saurayi ya gani ya tuntsure da dariya, sauran suka kama. Ina da mayafi a kafaɗa. Taki ɗaya zan yi in tsaya tsakaninsa da jama'a. Maimakon haka sai na ɗaga murya na ce, "Ku dubi yadda tsoro yake yi da wanda bai dogara ga Allah ba."

Ni na faɗi wannan, ga mutumin da ya goya ni. Shekara nawa yanzu, in na tuna sai in ji kamar in tona ƙasa in shige.

Aka zura shi. Ya yi aiki har rana ta yi tsaka, wasaki yana fitowa da rairayi, sannan da laka, sannan da ruwa garai-garai. Aka jawo shi lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na ji daɗi ƙwarai, ba don ya fito da rai ba, sai don maganata ta tabbata. Yana zaune a ƙasa, laka har gira, yana haki, ni kuwa na tsaya a kansa ina wa'azi, ina nuna shi da yatsa. Da na gama ya ɗago ya ce, "Uwarka ta samu ruwa?" Aka miƙa masa ƙwarya ya sha, ya ture ta. Bai ƙara shan ruwan wannan rijiya ba.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Bayan kwana biyu na ja samari muka bi gidajen nan huɗu. A bayan rumbun Kawu akwai wata tsohuwar tukunya a kife, ta ubansa ce, wurin da yake zuba gumba kafin shuka. Na san inda take don a gidan na girma. Ba sai an nema ba, ni na kai su. Kawu yana zaune yana tufka igiya aka fasa ta, bai ɗaga kai ba.

Juma'ar da ta biyo, maza na gida uku suka zo masallaci suka shiga sahu. Na yi ta hura hanci, ina ganin na musuluntar da gari cikin mako guda. Ba a jima ba na lura da abin da kowa ya riga ni gani. Suna duƙawa in an duƙa, suna tashi in an tashi, idonsu yana kan na kusa da su. In lokacin yankansu ya yi kuma sai su kora akuya can cikin daji wajen Rumbu, su dawo su ce kura ta kama ta. Da can in ka tambayi ɗayansu abin da yake bautawa zai gaya maka kai tsaye. Yanzu sun koyi yi mini ƙarya, kuma ni na koya musu. Liman bai taɓa ce mini ga abin da na gaya maka ba. Da ya faɗa da na samu abin yi wa fushi.

Kawu kaɗai ya ƙi shiga sahu. Na je na same shi, na ce ya zo ko don a bar shi ya zauna lafiya.

"Ka koya mini in tsaya gaban Ubangijinka in yi mishi wasa?" ya ce. "Kai da kanka ba ka so haka."

Kafin ruwan farko ya ɗora kayansa a jaki ya yi arewa, wajen makiyaya, can ƙetaren kwarin Tarka. Ya bar wa Inna rumbunsa cike. Ban raka shi ko bakin gari ba. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ta ci gaba da dama mini fura, sai dai ta daina kirana da sunan da take kirana tun ina ƙarami. Ita ma ta koma ce mini Malam.

Shekara uku bayan haka liman ya rasu aka ba ni limanci, abin da nake so ya samu. A damanar nan Inna ta kwanta ciwo. Wata rana da safe na shiga gaishe ta, ta ce, "Malam, ina son ganin yayana. Kai ka kore shi, kai za ka ɗauko shi."

Na hau raƙumin aro na yi kwana uku ina tambaya ruga-ruga. A hanya na shirya maganar da zan yi masa. Zan durƙusa, zan ce ya dawo ya yanka zakaransa, ni zan tsaya in ga mai hana shi. Na maimaita ta har na haddace.

Na isa wata ruga da la'asar, na tarar da Fulani sun yi sahu a kan rairayi suna sallah, kusa da wata sabuwar rijiya. Na bi su. Da aka sallame, Arɗonsu, wani dogon tsoho, ya sa aka kawo mini nono. Na tambaye shi mai yasar rijiya daga Dakoro.

"Ayya," ya ce. "Wata biyu ke nan da munka rufe shi. Zazzaɓi ne, kwana shida. Ga rijiyar da ya gina muna nan."

Na riƙe ƙwaryar nonon, na kasa kai ta baki. Sai na ji kaina ina tambaya, wai ko sun bar shi yana yanke-yankensa.

Arɗo ya dube ni da mamaki. "Mu munka sayo mishi zakaran ma, tunda ba mu kiwon kaji. Shina nashi, muna namu. Mi za shi rage muna? Mun yi mishi tayin sallah, ya ce a bar shi tukuna, munka bar shi." Ya gyara zama. "Kullum maganarsa ɗaya, ɗan ƙanwarsa. Ya ce shi ya rene shi, ya yi karatu har Katsina, duk ƙasar nan babu malami kamarsa. Ko kai ne?"

Mutane kamar goma suna zaune suna kallona, da rawanina, da carbina. Ban san me Kawu ya gaya musu ba bayan wannan, ban san ko sun ji labarin igiya da tukunya ba. Na ji ba zan iya ɗaukar idonsu ba in sun sani, in kuma ba su sani ba, ba zan iya ɗaukar yabon ba.

"A'a," na ce. "Ni maƙwabcinsu ne."

"Kayya," in ji Arɗo. "Da shi ne, da na sauke nauyi. Ya bar mishi saƙo kahin ya cika, amma ya ce kada in hwaɗa ma kowa sai shi, baki da kunne. In ka koma ka ce mishi ya zo."

Na ce to. Na zauna a wurin har nonon ya ɗumama a hannuna, ina jiran bakina ya buɗe in ce ni ne. Bai buɗe ba. Washegari na yi musu sallama na kama hanyar gida, ina ce wa kaina zan dawo bayan kaka in na samu ƙarfin zuciya. Da na koma bayan kaka rugar ta tashi, ba wanda ya san inda suka yi, sai rijiyar kawai. Har yau ban san abin da Kawu ya ce a gaya mini ba.