Luguden da Ya Kai Kunnen Baƙo

Lokacin da muke zaune a unguwar Misfala a Makka maigidana tasi yake ja, kuma ba ya iya ganin baƙo ya bar shi ya sha ruwa shi kaɗai. Wani azumi ya shigo mana da wani dattijo ɗan ƙasar Brazil, baƙar fata kamarmu, wanda ya zo umra. Da guntun Larabci suke hira, ni ina jiyo su ta bayan labule.

A kicin maigidan ya ba ni labarinsa. Makaɗi ne. Tun yana yaro yake dukan gwangwani a bakin teku, har ya zama mai gangar manyan mawaƙan ƙasarsu, yana tsara musu kiɗa, ya zaga duniya da su. Da girma ya kama shi ya musulunta. Ba wanda ya tilasta shi, shi da kansa ya rabar da gangunansa, ya yi wa Allah alkawarin hannunsa ba zai sake kaɗa komai ba.

"Kin ga da hannu biyu yake riƙe carbi?" in ji maigidan. "Ɗaure su yake yi."

Washegari bayan la'asar dattijon ya dawo. Ni da maƙwabciyata 'yar Maraɗi muka hau saman bene dakan geron fura, turmi ɗaya taɓarya biyu.

"Hajiya, wannan daka ne ko lallashi?" ta ce. "Ku Kanawa sai baki."

"Yau za ki gani, 'yar Nijar."

Sai muka shiga lugude. In cilla taɓarya sama in tafa in cafe, ita ta bugi gefen turmi ta amsa. Na manta tagar falonmu tana daidai ƙasanmu.

Na sauko ɗebo ruwan yayyafi, ita tana ci gaba. A tsakiyar matakala na ji wani sauti daga falo. Farantin dabino ne ake taɓawa da yatsu, a hankali, yana shiga duk inda taɓarya ta bar gurbi. Ban taɓa jin abu mai daɗi haka ba. Na san abin da ya kamata, in koma sama in ce ta tsaya. Ƙafata ta ƙi. Na tsaya da kofi a hannu, da azumi a bakina, ina saurare.

Dattijon ne da kansa ya katse. Na ji yana istigfari.

"Ma'alesh, ba komai ya Hajji," in ji maigidan, "ai faranti ne kawai."

"Ni ma haka na gaya wa kaina, ya akhi. Da gwangwani na fara."

Ya ce haka kakarsa take dakan masara, rabonsa da jin irinsa tun tana raye. Bai tsaya shan ruwa ba, ya roƙa a kai shi Harami.

Da maigidan ya dawo ya ce sun sami wani malami, dattijon ya tambayi kaffarar karya alkawari. Ya kuma aiko a gaya wa Hajiya ba ta da laifi, a yi masa uzuri ba zai ƙara zuwa gidan ba, don ya san kunnensa.

Na dama furar, na zuba a jug na rufe, na ce a kai masa masaukinsa. Ni ban iya sha ba.