Kambun Kawu Polus

Kawu Polus Kujur mai gyaran keke ne a ƙauyenmu, can cikin gundumar Sundargarh. Babu wanda ya naɗa shi koci, babu kuma mai biyansa. Da la'asar yakan rufe rumfarsa, ya rataya usur a wuya, ya ɗingisa zuwa filin bayan coci, mu 'yan mata muna biye da sandunan hoki da ya lanƙwasa mana da gora a kan wuta.

Bakinsa da kaifi. "Ke Sushila, ƙwallo kike bi ko kaji kike kora?" Haka yake ce mini kullum. Amma duk wadda ta maki ƙafar wata da gangan, a gefe za ta zauna, ko ita ce gwanar fili.

Shekarar da muka kai wasan ƙarshe a gasar da ake cin bunsuru, 'yan ƙauyen Kusumdih suka iso ba su cika ba, kogi ya kawo ya tare musu mutum biyu. Alƙalin wasa ya ce ko su buga a haka, ko a ba mu bunsurun. Ga shi ɗaure a gindin bishiya, iyayenmu mata har sun fara zancen albasa.

Kawu ya kira ni da Filomina, mu ne masu ci wa ƙungiyarmu ƙwallo.

"Ku sa rigarsu."

Na ce, "Kawu, mu?"

"Da kurame nake magana? In kuma na ga kuna sanyin jiki, kada ku sake taka mini fili."

Filomina ce ta zura ƙwallon da aka cinye mu da ita, tana kuka. Ƙauye ya ɗauki fushi da shi, babana har wani gari ya riƙa kai kekensa gyara. Matar Kawu, Inna Berna, ta ce masa, "Kai dai ka hana mutane nama."

Ya ce, "Naman da aka ci da rashin kunya ba ya wuce mini maƙogwaro."

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, damina biyu da suka wuce. Ranar binne shi, mutanen Kusumdih suka tako da ƙafa, manya da yara. A nan aka yanke shawarar sa kambun halin kirki da sunansa, kuma 'yan wasa ne ke zaɓa, kowace ƙungiya ta nuna yarinya daga abokan karawarta.

Bana Anjela Minz aka ba, 'yar ƙarama daga tsallaken dutse. Ta ci ƙwallo, fili ya kaure da ihu, sai ta je ta gaya wa alƙali cewa ƙafarta ce ta taɓa, a hoki kuwa da sanda kaɗai ake taɓa ƙwallo, aka soke. Ba ta taɓa ganin Kawu ba. Inna Berna ta miƙa mata kambun. Yarinyar ta sunkuya ta taɓa ƙafar tsohuwar don girmamawa, sannan ta ruga da gudu, motar garinsu na shirin tashi.