Waken da Ya Ƙi Tsirowa

Da ƙarfe uku na yammacin wata Laraba al'amarina ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne saboda ana cikin buga wata tsohuwar ƙafar mota da ke rataye a reshen tsamiya, ƙarfen lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, malaminmu Mushe ya ɗauki gwangwanina ya kife shi a kan tabul. Rairayi ya zube, wake ya biyo baya, ya kumbura, ya yi fumfuna, yana wari. Har zuwa wannan lokaci ina gaya wa kaina cewa nawa jinkiri kawai ya yi.

A Magarya ne, zamanin mulkin Faransa, ina zaune wajen kakata ta wajen uba. Mahaifina yana noma a wani ƙauye kusa da Bande, kuma da aka rubuta ni lakwal sai ya kawo ni gari wurin tsohuwarsa, don kada in yi ta tafiyar ƙasa. Mu uku ne mata a ajinmu. Ni ce wadda ba a jin muryarta. In an tambaye ni abin da na sani sarai, sai kunya ta hana ni faɗa. Amma allona ya fi na kowa tsabta, kuma littafin karatu guda ɗaya da aka ba mu na bi shi daga bango zuwa bango har na san inda kowane ɗigon tawada yake.

Malaminmu, wanda muke kira Mushe kamar kowane malamin lakwal, mutumin Dahome ne, dogo, Hausarsa a karkace. Ran Laraba da yamma yakan yi abin da yake kira darasin abubuwa. Ba a rubutu, ba a hadda. Yakan ja tabul tsakiyar aji ya jera tarkace, kwalba, kyandir, gishiri, zare, yara su taɓa da hannunsu. Har ƙashin nan da ake rataya wa duk wanda ya yi Hausa a lakwal yakan cire shi ya ajiye, ya ce yau hannu ne zai yi aiki, baki ya yi yaren da ya ga dama. Sai dai darasin na maza ne. Mu mata a wannan lokacin muna wajen Madam, matar darakta shugaban lakwal, muna koyon ɗinki a inuwar bango.

Ta tagar da ke bisa kanmu nake jin komai. Na ji ranar da kyandir ya mutu da kansa da aka kifa masa kwalba. Na ji ranar da suka narkar da gishiri a ruwa, suka shanya a rana, gishirin ya dawo. Na daɗe ina shirya maganar a raina kafin wata safiya na tsaya gaban Mushe, idona a ƙasa, na roƙe shi ya bar ni in zauna. Ya dube ni, ya ce za a gwada. Za a shuka wake a gwangwani, kowa ya kawo nasa daga gida, ya kula da shi mako guda. In nawa ya yi kyau, na samu wurin zama. In bai yi ba, allurata tana jirana.

Da na gaya wa Kaka ana son wake a lakwal, ta tambaye ni dafa mana za a yi. Na ce shukawa. Ta ce in bari sai gobe. A ɗakinta irin mahaifina yake, cikin wani tulu da aka cika da toka aka liƙe bakinsa da laka, yana jiran ruwan farko, don lokacin bazara ce. Washegari ta ƙulla mini wake a bakin zane, manya, farare, da 'yar ƙurar toka a jikinsu. Na tafi ina jin babu mai irin nawa.

Babu abin da ban yi daidai ba. Na huda gindin gwangwanin da ƙusa. Na tankaɗe rairayin. Kowace safiya ina zuba ruwa da ɗan ludayi, ba na ƙarawa, ba na ragewa. Na sauran yara suka fasa ƙasa, suka ɗago kai a lanƙwashe, har na wani yaro da ya manta da nasa a bayan ƙofa. Nawa shiru.

To, ga shi yanzu a zube a kan tabul. Mushe ya tona da tsinke, ya ce ruwa na cika masa, na kashe shi da son ganin ya yi sauri. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Wani ɗan mahauci da ke zama bayana ya ce, a hankali yadda zan ji, ai ba shuka na yi ba, alala na jiƙa. Aka yi dariya. Na buɗe baki in ce ludayi ɗaya ne kullum, maganar ba ta fito ba. Mushe ya ce in share tabul, Laraba mai zuwa in koma wajen Madam.

Na koma. Ina kalmasa bakin ƙyalle, amma hankalina yana kan gwangwani. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na san ban cika ruwa ba. Sai na tuna abin da nakan ji Mushe yana nanata wa maza ta taga, cewa in kana son gane abin da ya jawo wani abu, ka canja abu ɗaya tak, ka bar saura yadda suke. Na lissafa a raina. Rairayi daga wuri ɗaya muka ɗebo. Ruwan rijiya ɗaya ne. Gwangwanaye duk na madara ne. Abin da kowa ya kawo daga gidansu shi ne wake.

Wannan tunani ya ba ni kunya, kamar na zargi Kaka da wani abu. Amma ya ƙi tafiya.

Ina da ragowar wakenta a ƙulle. Ran kasuwa na bi rumfunan masu awo, na tsuguna kamar mai gyara takalmi, na tsinci waken da ya zube a ƙasa. Wata mai awo ta gan ni, ta ce ko tsuntsu na zama, ta ƙara mini da ɗan kaɗan a tafin hannu. A gida na wanke gwangwanina, na cika shi da sabon rairayi, na raba shi biyu da kara. Dama na Kaka, hagu na kasuwa. Na ajiye shi bayan randa, ina ba shi ruwa da ludayin nan dai. Kaka tana ganina. Takan wuce da buta ta leƙa.

Kafin mako ya zagayo, hagu ya cika da tsiro, kore shar. Dama ko ɗaya. Na daɗe tsugune ina kallo. Ba farin ciki na fara ji ba, wani irin sanyi ne, kamar an sauke mini tulu daga ka.

Na ɗauki gwangwanin na ajiye gaban Kaka tana kaɗi. Ta ci gaba da murza mazarinta. Na tambaye ta me ya sami wakenta. Ta ce wataƙila tsufa ya yi kamar mai shi. Na ce na kasuwa ai bai fi shi ƙuruciya ba. Ta ce ashe lakwal har tsiwa take koyarwa. Ban tashi ba. Da Kaka kaɗai nake iya wannan naci, don tun ina ƙarama muke tsokanar juna.

Can ta ajiye abawa, ta ce, "Ke 'yar lakwal, ubanki ya kai iri gona ne?"

Na ce bai kai ba.

"To ta yaya zan ba ki iri mai rai ki kai ya fara tsira a ƙasar Nasara? Inda iri ya fara buɗe ido, can kurwar amfanin take bi. Gyaɗarmu sun auna sun ɗauke, waken ma in miƙa musu da hannuna?"

Ashe a daren da na roƙe ta ba ta so ta hana ni, ba ta kuma so ta ba ni. Da safe, ina wajen rijiya, ta zafafa rairayi a kasko, ta juya waken a ciki daidai yadda zai mutu ba tare da ya canja kama ba, ta mirgina shi a toka. A gidanmu ba a fitar da iri daga tulu kafin mai gida ya yi shuka, kuma ba a ba baƙo. Da na ce mata wake ake so, ba lallai irin Baba ba, ko na dafawa ma ya isa, sai ta ce duk waken da ke gidan daga gonar nan ɗaya ya fito. Ba ta san an kore ni daga darasin saboda haka ba. Da na gaya mata, ta daina dariya.

Ta ce kada in kuskura in kai sunanta lakwal, kada a wayi gari gardi, ɗan sandan Nasara, yana sallama a ƙofarta. Na yi alkawari. Amma in na je wa Mushe da cewa wakena mataccen ne, zai tambaye ni yadda na sani zafi ne ya kashe shi. Sai na ce wa Kaka ta sake yi, ina gani, da waken kasuwa da ya rage. Ta ce yanzu kuma ita ce 'yar lakwal. Duk da haka ta tashi ta hura wuta. Ta gwada zafin rairayin da bayan hannunta, ta juya rabin waken da sauri, ta kwashe. Na sa kusa da wanda ba a taɓa ba, na kasa bambanta su, har sai da na ware su a ƙoƙo biyu. Ta ce in na ruɗe in tambaye ta, ita ta san nata.

Na shuka su a gwangwani na biyu, kara a tsakiya. Na sake yin wata Larabar ina ɗinki. Wanda bai ga kasko ba ya tsiro. Wanda ya gani ya kwanta ya ruɓe.

Wata safiya na ɗora gwangwanayen biyu a faifai na tafi da su lakwal tun kafin a buga ƙarfe. Mushe yana goge babban allo. Na ajiye su a kan tabul, na faɗi abin da na yi da Faransancin da na yi ta maimaitawa a hanya. Ya saurara har ƙarshe. Ya tona ɓangaren da bai tsira ba, ya fasa wake ɗaya da farce, ya shinshina. Ya tambaye ni ruwa nawa nake zubawa, na ce daidai da na farko. Ya tambaye ni wa ya ce in raba gwangwani biyu, na ce shi, ta taga. Sannan ya tambayi wanda ya gasa wakena na farko. Na sunkuyar da kai. Ya jira kaɗan, ya ga ba zan faɗa ba, ya bar maganar.

Da yara suka shigo, ya ce kowa ya matso. Ya gaya musu da bakinsa cewa ya ce ruwa ne, ashe ba ruwa ba ne, kuma ga wadda za ta nuna musu. Ban san yadda na yi ba. Na dai kafa idona a kan karan da ke tsakiyar gwangwani, na yi magana da shi. Muryata ta fito ƙarama, amma ta fito. Ɗan mahaucin ya tambaya ko gero ma haka yake yi in an gasa. Na ce ban gwada ba. Mushe ya ce wannan ita ce amsar da ta fi kowace a ranar.

Bai ce komai game da Laraba ba. Aka shiga lissafi, aka fita hutu, aka dawo, aka tashi. Ina ta jira ya kira ni, bai kira ba. Da kowa ya watse na tsaya a bakin ƙofa da faifaina, yana haɗa littattafansa. Na ga in na tafi haka, ba zan sake iya tambaya ba.

Na ce, "Mushe, ran Laraba ina zan je?"

Ya ɗago kai kamar ya yi mamakin tambayar.

"Za mu tace ruwan tafki da gawayi da rairayi," in ji shi. "Ki zo da wuri, ke za ki jera tukwanen. Na riga na gaya wa Madam."