Kukan da Maman Lawali Bai Ji Ba

Ni da Maman Lawali taubasai ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai cin tarata. A Jiratawa aka haife mu. Ni na tsaya garka, wato lambu, har ban-ruwan albasa ya ishe ni, na sayi moto na shiga kabu-kabu. Shi kuwa tun yana saurayi ya gudo Maraɗi wurin masu gyaran rediyo, wai ƙafarsa ba ta taɓo ba ce. Yau in ka shiga unguwar Zariya ka tambayi mai haɗa tele da ampili mai ƙara ƙarfin sauti da bafil, wato manyan lasifikan nan na falo, sunansa za a ba ka. Ni ke kai shi aiki. Ya ɗare bayana da jakar kayansa, muna tafe muna zagin juna har mu isa.

Kunnensa ne sana'arsa, kuma shi ne sunansa. Ga yadda yake aiki. Akwai wayar nan mai kai biyu, ja da fari, wadda kowa ya sani a bayan tele. Sai ya soka gefe ɗaya a ampili, ya lashi ɗan yatsa, ya taɓa tsinin ɗaya gefen. Bafil ya yi “zuuu”. Daga wannan kukan kaɗai zai ce maka wannan lafiya lau, wannan takardarsa ta fara yagewa, wancan kuma an juya masa waya. Na sha ce masa wata rana kuran, wato lantarki, zai yi jifa da shi har garin Tsibiri, ya ce wuta ta san mai ita.

Da sabbin kaya suka fara shigowa daga Dubai, sai ga wata siririyar waya mai jan haske a bakinta, da wata mai faffaɗan baki da ke ɗaukar hoto da sauti tare. Tir! Ba irin sunan da bai kira su ba. Ya taɓa yi mani bayani muna shan shayi a ƙofar shagonsa.

“Jibo, ja da fari kamar hanyar ruwan garkarku take. Sautin da kansa ke bi ta ciki, duk dattin da ya faɗa tare suke isowa, ni kuma in ji, in san inda ya shiga. Waccan mai hasken lissafi take aikawa, ampili ya mai da shi sauti. Ko ta kawo tas, ko ta yi shiru. Ka taɓa ta ba ta amsa maka. Ina amfanin wayar da ba ta gaisawa?”

Na ce to ai halinku ɗaya, kai ma kwana biyu ba ka gaisawa. Da wasa na faɗa, amma akwai gaskiya a ciki. Na daɗe da lura. In na yi magana a bisa moto sai ya ce iska ce ta kwashe. A masallaci sai ya ga sahu ya duƙa sannan ya duƙa. Matarsa Zuliha ta tare ni a zaure ta ce, “Jibo, ɗan'uwanka fa sai na dafa shi yake waiwayowa.” Ba abin mamaki ba ne. Tun yana yaro kansa ke cikin bafil, gidajen biki da gidajen kallo, wasu na toshe kunne shi yana ƙara matsawa. Amma wa zai faɗa masa? Mai haɗa sauti da ba ya ji, ai an gama da shi a gari. Na ji tsoron maganar, na bar ta.

Ranar da abin ya fito fili, gidan Alhaji Rashid muka je, wani babban ɗan kasuwa da ke sauke kaya daga Kwatano. Ya sayo sabon ampili da bafil-bafil don falon uwargidansa, Hajiya Fasuma, mai son sauraron karatu da hantsi. Wayar mai haske na cikin kwalin, a naɗe cikin leda. Maman Lawali ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya mayar, ya zaro ja da farinsa daga jaka. Ya haɗa, ya jera bafil kowane a kusurwarsa, ya kunna.

Karatu ya fito, amma a ƙarƙashinsa akwai wani gunji mara yankewa, har cikin haƙorana nake jin sa. Irin kukan da wuta ke sakawa cikin ja da fari ne in wayoyin gida ba su zauna daidai ba. Da can, kafin ya gama miƙewa tsaye ya kama shi. Ranar kuwa ya tsaya tsakiyar falo, hannu a ƙugu, yana murmushi.

Hajiya Fasuma ta leƙo daga ƙofa ta ce, “Sannu da aiki, Malam. To wannan kukan fa, haka zai zauna?”

Ya ce, “Wane kuka, Hajiya?”

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya dubi Hajiya, Hajiya ta dubi ƙasa. Maman Lawali bai dubi kowa ba sai ni, don ya san fuskata ba ta iya yi masa ƙarya. Ban san abin da ya gani a kanta ba. Na dai ga murmushin ya tafi a hankali, ya durƙusa bayan tele ya daɗe, bai taɓa komai ba. Sannan ya jawo kwalin, ya kwance ledar, ya soka siririyar wayar a tele. Jan hasken ya fito a ɗaya bakin. Ya kalle shi, ya soka a ampili, rubutu ya bayyana a fuskar ampilin. Gunjin ya ɗauke ɗif, don haske ba ya ɗauko dattin wuta.

“Yauwa! Yanzu kam ya yi,” in ji Alhaji. Mutumin kirki ne, bai ƙara ko kalma a kai ba, har ya rako mu ƙofa.

A hanya ba wanda ya zagi wani. Da muka isa shago ya sauka, ya tsaya riƙe da jaka. Ya ce, “Tun yaushe kuka sani?” Na ɗaga murya na ce an kwana biyu. Ya gyaɗa kai ya shige. Tausayinsa ya kama ni har na kasa tada moto.

Ya je wurin likita, aka ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa saura. Ya rufe shago ya koma Jiratawa wurin ƙannensa, wai zai taya su tsinkar zogale. Mutumin da bai san bakin kwashe daga ƙotarta ba! Na ɗauka shi ke nan. Sai ga shi wata safiya a ƙofar gidana da jakarsa, ya ce wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tsibiri ya kira, in tashi mu tafi.

Na leƙa jakar da ya buɗe ta a can. Wayoyi masu haske ne a sama, sababbi, ja da farin na can ƙasa. Ya yi aikin da ido, ya duba jan haske, ya duba rubutu, ya bi bafil ɗaya bayan ɗaya yana ɗora tafin hannu a kai ya ji motsinsa. Aiki mai tsabta, ba abin da za ka kushe. Mai gidan ya sa waƙa ya murɗa sosai, har tagogi na rawa, maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga.

Maman Lawali ya matso kusa da ni kamar zai ɗauki wani abu a jaka. Murya ƙasa-ƙasa, ko kuma abin da yake zaton ƙasa-ƙasa ne, ya ce, “Jibo, yana fita da kyau?”

Na gyaɗa masa kai kawai. Ya miƙe, ya gyara hula, ya juya wurin mai gidan.

“To Malam,” ya ce, “ka dai ji da kunnenka.”