Wutar da Ba Ta Haihuwa

Ni ban yi boko ba, faɗa nike ana rubutawa, in magana ta karkace a bar ta yadda ta fito.

A Liba anka haife ni, can na yi aure, can anka binne mai gidana. Wata damina ruwa ya ci gindin ɗakina, bango ya durƙusa kamar raƙumi. Ɗa guda ya rage mini, direba ne, albasa yake ɗauka daga Aliero zuwa Kurmi, can kudu. Shi ya zo ya ce in tattara, ya samu gida cikin sababbin gidajen da gwamnati ta gina a filinta, bakin hanyar Jega, ana biya kaɗan-kaɗan yadda talaka zai iya. Na san filin. Fako ne, ba kowa sai awaki da tumfafiya, ta nan muke wucewa in za mu kasuwar Jega.

Ba ni rage wa mai aiki aikinsa. Wanda ya tsara unguwar ga ya san abin da yake yi. Ni da na tsufa da gammo a ka, ga famfo tsakar gidana. Ruwan sama in ya sauka sai ya bi lambatu ya wuce, ko gaisuwa ba ya tsayawa yi. Tagogi suna kallon juna, iska na ratsawa, an dasa dogon yaro layi-layi har masallaci. Kowane gida da katangarsa ta bulo wadda ta fi namiji tsawo, da ƙyauren ƙarfe. Ɗana ya kwana biyu ya koma hanya. Matarsa ta fita tun bara bai sake aure ba, kuma ya fi kwana cikin mota da kwana a ɗaki.

Da gari ya waye na iske murhuna toka ce zalla. Sai na ɗauki tsingaro, ɓallin tsohuwar tukunya da na taho da shi cikin kayana, na fita ɗibar wuta.

A Liba mace ba ta ƙyasta ashana in hayaƙi na tashi gidan maƙwabciya. Ta kafar danga za ki ratsa, ki tsuguna bakin murhunta, ki zaɓi garwashi. Kafin ki tashi kin ji wadda ta haihu da wanda tsuntsu ya cinye wa gero. Amma ba a daɗewa, kar garwashi ya mutu a hannu, shi ya sa in baƙo ya yi saurin tashi ake ce masa, wuta ka zo ɗiba? Kuma in hantsi ya yi tsohuwa ba ta zo ba, hayaƙinta bai tashi ba, wata za ta leƙa. Ba wadda za ta ce dubiya ta zo. Cewa za ta yi tata wutar ce ta mutu.

Na buga ƙyauren maƙwabta. Yarinya ta buɗe, ma'aikaciyar asibiti ce a Aliero, da farin kayanta, tana sauri. Ta durƙusa ta gaishe ni, ɗiyar mutunci ce.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Wuta na zo ɗiba."

Ta dubi tsingaro, ta dube ni, dariya ta kuɓuce mata. "Inna, wace wuta? Mu gas muke da shi. Zo ki gani."

Ta kai ni ɗakin girkinta ta murɗa wani abu, wuta shuɗiya ta tashi tana huci, ba hayaƙi, ba toka.

Na ce, "To ina garwashinta?"

"Ba ta yi, Inna."

"Wagga wuta taku juya ce ke nan, ba ta haihuwa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wallahi sai ta gaya wa mijinta. Na ji daɗi, na ce a raina na samu gidan zuwa. Sai ta shiga ɗaki ta fito da ɗaurin ashana guda, ko ledarsa ba a ɓare ba, ta sa mini a hannu.

"Ga shi, Inna, ba sai kin sake wahalar fitowa ba."

Na yi godiya, na sa mata albarka. Mi zan ce? Alheri ta yi. Na koma gida da ashanar da za ta kai ni wata damina.

Ni ba a haife ni in shiga gidan mutane hannu na dukan cinya ba. Uwata ta ce mace mai daraja ba ta zuwa sai da dalili. Na gwada roƙon gishiri, anka aiko mini da rabin kwano. Daga nan na bari. Nakan zauna bakin famfo in ji rayuwarsu ta bayan katanga, cokali na bugun tukunya, babur na tashi, sai shiru har la'asar. Labarai na nan cike da bakina, ni da mata ke barin daka su saurare ni. Na koma ina ba kaji.

Da sanyi ya shigo masassara ta kayar da ni. Na kwanta, rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa. Murhuna bai ga wuta ba. Wa zai lura? A unguwar da ba gidan da ke hayaƙi, rashin hayaƙi ba labari ba ne. Ga wayar da ɗana ya saya mini kusa da matashi, amma yana can Kurmi, in na kira sai in tayar masa da hankali a kan hanya. Ina kwance ina kallon silin mai kyau, na ce ashe haka za a iske ni, cikin gida mai famfo.

Allah ya sa da sauran shan ruwa. Da ƙafafuna sunka ɗauke ni, na tafi na buga ƙyauren nan, ba tsingaro, ba dalili. Tun da nike ban taɓa jin nauyin magana kamar ta rannan ba.

"Ɗiyata, in kin ga safiya ta yi ba ki ji motsina ba, ki leƙo."

Ta kama hannuna, ta ga yadda na zube, idonta ya kawo ruwa. Ta yi ta faɗa, don mi ban aiko ba. Wa zan aika? Ta ba ni magani, ta karɓi wayata ta latsa.

"Kullum kafin in fita zan kira ki, Inna. Na yi alkawari."

Ba ta saɓa ba. Kowace safiya wayar na kuka, in ɗauka.

"Inna, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata. A sauka lafiya."

Tana tsaye ne bayan katangata, tana ɗaura ɗankwali. Muryarta kan riga isowa ta saman bulo, sannan ta fito cikin wayar. Nakan cire wayar daga kunne in saurari ta katangar, har babur ya tashi.