Tashar Ƙaura a Kan Ƙyaure

Mahaifina mai zuba kwal ne a kan jirgin ƙasa, a zamanin jirage masu hayaƙi. Na buɗe ido na gan shi yana dawowa gida baƙi ƙirin, haƙoransa da idanunsa kawai ake gani. Da aka kawo jirage masu shan gas sai aka mayar da shi wani aikin a cikin tasha, ya yi ta yi ba don yana so ba, har ya yi ritaya ya koma gonarsa ta wajen Ɗan Isa.

Shekarar da aka ba mu jiha, Ƙaura ta cika da zance. Kowa da abin da yake cewa za a kawo. Baba shi nasa guda ne: jirgi zai dawo kamar da. Kullum bayan la'asar sai ya taka zuwa tasha ya dubo. Ya tarar da ciyawa a kan dogo, awaki kwance a inuwar tsofaffin taragu. Ran nan ya dawo, ya wuce bayan rumbu ya jawo wani tsohon ƙyaure da aka cire daga zaure, ya kwantar da shi a kan turame biyu.

Inna ta leƙo daga madafa. "Malam, mi za ka yi da ƙyaure?"

"Tasha za ni ginawa."

"Tashar mi?"

"Tashar Ƙaura. Tunda sun ƙi gyara tasu."

Lokacin ina gidan mijina a unguwa ɗaya da su, kuma ina da sana'a. Ina ɗaukar hoton mata a wurin biki da suna, da wata tsohuwar kyamara mai nauyi da mijina ya samo mini, irin wadda abin da idonta ya gani shi kake gani in ka leƙa. Kusan kullum sai na biyo ta gida, don haka a kan idona tashar nan ta tashi.

Da farko dariya muka yi ta yi. Amma Baba bai ɗauke ta wasa ba. Ranar Alhamis sai ya hau mota zuwa kasuwar Shinkafi, ya dawo da buhun tarkace: matattun rediyo, laimomin da suka karye, agogon bango marar hannu. Ƙarafan laima su ne dogo. Ya fere itacen darbejiya ƙanana ƙanana ya jera su a ƙarƙashi, ya daka tsakuwa ya tankaɗe da rariyar Inna ya zuba a tsakani. Ginin tasha da kwali ya yi shi, ya shafe da farar ƙasa, ya yi masa rufi da gwangwanin da ya lanƙwasa bisa tsinken tsintsiya har ya fito da tudu da kwari kamar kwano. Ga tankin ruwa a kan ƙafafunsa, ga rumfar ajiye kaya, ga dalar gyaɗa da ƙananan buhuna da ya sa ni na ɗinka masa da tsummar atamfa. Da ƙyaure ɗaya ya kasa, ya ƙaro na biyu.

Mijina ya ba shi shawara ya yi dogon zagaye, jirgi ya riƙa kewayawa ba tsayawa. Baba ya dube shi kamar ya faɗi saɓo.

"Jirgin Ƙaura ba ya kewaya. Nan dogo ya ƙare. In ka iso nan, sai a juya ka."

Saboda haka ya yi wurin juya kan jirgi da murfin kwanon sha. A ɗaya ƙarshen kuma ya kifa kwalin sabulu da aka huda wa ƙofa, ya ce nan ne Gusau.

Kan jirgin ne ya fi ba shi wuya. Tukunyarsa gwangwanin madara, bututun hayaƙi murfin biro na ƙarfe, ƙafafun kuma wani mai walda ya fere masa. Abin da zai tura shi, ƙaramar motar da ke juya kaset a cikin rediyo ce. Wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa ya nuna masa yadda zai bi da wutar batir ta cikin dogon kanta. Linzamin kuwa dabararsa ce: ya kafa ƙusoshi a jere a kan katako, ya ɗaura ƙotar cokali a gefe. In cokali ya taɓa ƙusar farko, batir ɗaya ke aiki. In ka matsa gaba, a ƙara wani.

Ranar gwaji ta farko duk gidan ya taru, har maƙwabta. Baba ya yi bisimilla ya tura cokali. Jirgi ya yi ƙara kamar ƙudan zuma, ya yi rawa a wuri ɗaya, ya zabura, ya bar dogo, ya faɗa cikin dalar gyaɗa. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya ɗauke shi ya juya cikinsa ya duba.

"Ba ya da nauyi," ya ce. "Jirgi ba nauyi ba jirgi ba ne."

Ya cika masa ciki da dalmar tsohon batirin mota, ya mayar da shi bisa dogo. Wannan karon da cokali ya taɓa ƙusa, sai ƙafafun suka juya a hankali. Jirgi ya fita daga tasha yana jan taragu uku, ƙaras, ƙaras, ƙaras a kan mahaɗin ƙarafa, daidai yadda na san sautin tun ina ƙarama. Ya wuce tankin ruwa. Ya wuce sigina. Ya shige cikin kwalin sabulu ya ɓace.

Wallahi ban san sanda na yi guɗa ba. Maƙwabciyarmu ta kama. Baba kuwa ya sa hannu biyu a baki ya yi kukan jirgi, dogo, mai karyewa a ƙarshe, har kaji suka watse.

"Ɗiyata," ya ce, yana haki, "tahi ki ɗauko na'urarki."

Fim guda na ƙarar a ranar. Muka aika Gusau wanki, muka zauna jira kamar masu jiran haihuwa. Da hotunan suka zo, babu na kirki ko ɗaya. Waɗanda na ɗauka daga tsaye sun nuna gaskiya tsirara: gwangwani a kan ƙyaure, ga ƙafar Inna, ga buta. Waɗanda na matsa kusa kuma sun yi dishi-dishi, kamar an duba ta cikin ruwan koko. Baba ya jujjuya su, ya ce ba haka tashar take a idonsa ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Wata rana ina durƙushe ina leƙen kyamara, shi kuma yana ɗaura waya da tabaransa na karatu a kan hanci, sai na ce ya ara mini su. Na kara gilashi ɗaya a gaban idon kyamarar na leƙa. Sai ga kan jirgi ya fito tar, har da tabon guduma a jikinsa, ya cika ido kamar zai taka ni.

"Baba! Taho ka gani!"

Ya kwanta rub da ciki a ƙasa, da babbar rigarsa, ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba.

Daga nan muka gane sauran. Dole kyamara ta sauko daidai dogo, inda idon mutum zai kasance in da yana tsaye a tashar. Dole kuma a rabu da bangon gida. Saura hayaƙi. Mun gwada auduga, ta fito a audugarta. Inna ce ta ce a gwada turaren tsinke. Muka karya guntu muka kunna muka cusa a bututu, sai ga hayaƙi siriri yana tashi yana bin bayan jirgi. Tashar Ƙaura ta koma ƙamshin ɗakin amarya.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, mijina da wani abokinsa suka ɗora ƙyauren biyu a amalanke muka fita bayan gari. Muka ɗora su a kan duwatsu a bakin wata gonar gero, yadda bishiyoyi na gaske da gajimare na gaske za su tsaya a baya. Rana na fitowa ta haske hayaƙin ta baya. Na kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa da hijabina, Baba na riƙe da cokali yana jiran umarnina. Wasu Fulani masu wucewa da shanu suka tsaya suna kallonmu, suna magana da yarensu suna dariya. Ban damu ba. Na ce wa Baba ya tura, na danna kyamara.

Na roƙi mai wankin ya fitar mini da hotunan baƙi da fari. Da suka iso, na buɗe a zaure, na miƙa wa Baba na farko. Jirgi ne yana fitowa daga tasha, hayaƙi a sama, dalar gyaɗa a gefe, gajimare ya haɗo a baya. Ba wanda zai ce maka gwangwanin madara ne. Baba ya kai shi majalisarsu ta ƙofar masallaci ya miƙa musu. Wani tsoho ya rantse ya san ranar da aka ɗauke shi, har ya ce shi ma yana tashar a ranar, ya kawo fatu. Sai da Baba ya ja su gida ya nuna musu ƙyauren. Tsohon bai ji kunya ba, cewa ya yi a tura masa jirgin ya gani.

Ana cikin haka aka ƙaddamar da Shari'a. Ni dai aiki ya ƙaru mini, don an raba taron maza da na mata, kuma gidaje da yawa ba sa son namiji ya shiga da kyamara. Baba kuwa damuwa ta same shi. Ya riga ya cika tasharsa da mutane na laka, kowane bai wuce ɗan yatsa ba: masu dako, mai rake, mata da ƙullin kaya. Da ya ji wa'azi a kan mutum-mutumi, sai ya je ya gayyato limamin unguwa ya zo ya duba da kansa.

Liman ya zo da niyyar tsayawa kaɗan. Sai da aka kira la'asar ya saki cokalin. Da zai fita ya ce, "Malam, jirgi ba laihi. Amma mutanen nan, in ka ɗebe su ya fi zama alheri."

Baba ya kwashe su a ranar, ya jiƙa su suka koma laka. Tasha ta yi fayau, ba daɗin gani. Bayan kwana biyu na zo na tarar ya gina ɗan masallaci a gefen rumfar kaya. Faifan mai rake na nan a ajiye, ƙullin kaya na nan, amalanke na jingine. A ƙofar masallacin kuma ga takalma ƙanana na fata, a jere.

"Ina mutane, Baba?"

"Sun tahi salla. Ba ki ga takalmansu ba?"

Akwai mutum ɗaya da Baba yake son ya ga abin nan fiye da kowa: direban da ya yi shekaru yana zuba wa kwal. Ya koma garinsu Zurmi tun da daɗewa, ƙafafu sun ƙi, ba ya fita ko ƙofar gida. Da kaka ta yi muka ɗauki hayar a-kori-kura. Ni da Inna a gaba, Baba da mijina a baya suna rungume da ƙyaure, kowane rami muka faɗa sai na ji Baba yana salati.

Muka tarar da tsohon a kan tabarma a tsakar gida, siriri, da farin gemu. Ya dubi Baba, wanda shi ma gemunsa ya yi fari, ya ce, "Yarona, kai ne?"

"Ni ne, Maigida. Na kawo maka jirginka."

Aka haɗa ƙyauren a gabansa. Tsohon ya yi ta bin komai da ido. Can ya nuna da sanda.

"Wanga tanki ya yi kusa da rumfa."

"Nan yake, Maigida."

"Ba nan yake ba. Ni da nike tsayawa ƙarƙashinai kullum?"

"To ni da nike hawa in jawo bututun?"

Suka yi ta musu kamar za su daku, matan gidan suna leƙowa suna dariya. Sai da Baba ya ɗauki cokalin ya sa masa a hannu, sannan aka samu shiru. Na kunna turare na cusa a bututu.

Tsohon ya gyara zama. Bai tura cokalin nan da nan ba. Ya dubi sigina, ya dubi Baba, ya ce, "Wuta ta yi?"

"Ta yi, Maigida."

Ya taɓa ƙusar farko a hankali, ya bari taragu suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ƙara. Ban taɓa ganin jirgin ya tashi lafiya lau haka ba. Da ya dawo da shi daga Gusau kuwa, ya tsayar da shi daidai ƙofar tasha, ko gyaɗa ɗaya ba ta motsa ba. Su biyun suka fashe da dariya suna tafawa. Na ɗauki hoton hannunsa a kan cokalin, na ɗauki na jirgin, har fim ya ƙare ban sani ba ina ta dannawa.

Da rana ta yi sanyi muka fara shirin naɗe kaya, sai tsohon ya dafe ƙyauren da hannu biyu.

"Ku dai ku tahi. Jirgi nan zai kwana."

Baba ya yi ta lallashi, ya ce batir zai ƙare. Tsohon ya ce akwai batir a kasuwar Zurmi. A ƙarshe aka shirya a kan zai riƙe shi har bayan salla, kuma ba zai taɓa tankin ruwa ba. Ya yi alkawari yana kallon wani wuri.

Muka kamo hanyar Ƙaura da bayan mota wayam. Na zaci Baba zai yi shiru har gida. Ba mu yi nisa ba sai na ji yana buga rufin motar. Direba ya tsaya, Baba ya sauko ya leƙo ta taga.

"Hajiya," ya ce wa Inna, "ƙyauren ɗakin ajiya, kina wani amfani da shi?"

"Malam, ka ji tsoron Allah!"

"Gada za ni yi. Mai ruwa a ƙasa." Ya juyo gare ni. "Ruwa na fita a hoto?"

Na ce yana fita, in rana ta yi daidai. Ya koma baya ya hau, ya buga rufi, muka ci gaba.