Yadda Kunya Ta Cinye Mani Hotuna Bakwai

Akwai ranar da ko tsufa ya kwashe mani hankali ban jin za ta fita raina. Wata Asabar ce a gidanmu na Gazawa, shekarar da soji ke shirin mai da mulki hannun farar hula, gari ya cika da motocin kamfe da lasifika. Har yau in na tuna ta, ba kuka ke fara zuwa ba, haushi ne.

Maigidana malamin lakol ne, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce mashi. Yana da wata tsohuwar kwamfuta irin ta naɗewa da ya saya wurin wani ɗan kasuwa mai shiga Najeriya. Tun ranar da ta shigo gidan ya kafa mata doka: kada a taɓa, kada a aje ruwa kusa da ita, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a zare waya daga bango. Ni aikina in kaɗe mata ƙura in rufe ta da tsohon kallabi. Aji uku na yi a lakol aka cire ni, don haka ba wanda ya taɓa zaton ina da wata hulɗa da ita da ta wuce wannan.

Alhali ina da ita. A cikin injin nan akwai hotuna bakwai na ɗiyata ta fari. Ranar da za a kai ta yaye garin Gangara wurin kakarta, Mushe ya aro 'yar kyamara wurin wani abokin aikinshi, ya ɗauke ta, ya zuba hotunan a kwamfuta, ya mai da kayan mutane. Wata biyar bayan nan, tsakiyar damina, zazzaɓi ya kama ta. Kwana uku Allah ya karɓi abinshi. Kafin kabu-kabu ya kai ni har an kai ta.

Kun dai san yadda muke da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunanshi, ba ta yi mashi wasa gaban mutane. "Yarinyar nan" nake ce mata, ko "waccan". Da ta rasu ma mata suka yi ta yabona, wai na yi kara, ban zub da hawaye gaban surukai ba. To da wane baki zan ce wa Mushe ya je garin Agye da hotunan a wanko mani su a takarda? Ban faɗa ba. Sai dai na sa ido. Ina shara ina kallon hannunshi: ga maɓallin da yake dannawa, ga wata 'yar jaka ruwan ɗorawa, ta uku daga sama, ita ake ƙwanƙwasawa sau biyu. In ya tafi lakol da safe sai in goya ƙaninta, in sa sakata, in buɗe. Akwai wanda take riƙe da ludayi, koko ya ɓata mata haɓa. Akwai wanda ta juya baya, ba a ganin komai sai ƙeyarta da 'yan kitso biyu. In na gama in kashe, in mai da kallabin yadda na tarar da shi. Kusan shekara ina haka, ba wanda ya sani.

Da kamfe ya kankama sai gidanmu ya zama tashar waƙa. Kowa da ɗan abin nan da suke kira kile, mai kamar ɗan yatsa, rataye a wuya kamar laya. Wannan ya zo a zuba mashi waƙar jam'iyyarsu, wancan ya kawo tashi a kwafa. Ni da aka hana in gitta da kofin ruwa, ina kallo ƙattai na soka mata abin da ya kwana cikin injin goma. Ko a likita ba a yi wa mutum biyu allura da tsinke ɗaya. Amma wa ya tambaye ni?

Wata Laraba wani abokinshi mai gilashi ya soka nashi. Washegari na buɗe sai na ga jakar ta fito da wata 'yar kibiya a gindinta, wadda da babu ita. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na sake, shiru. Injin sai huci take tana ɗaukar zafi. Ranar har tuwon rana ya kama ban sani ba.

Da ya dawo na ce, "Malam, tun da abokin nan naka ya sa abinshi jiya, injin nan ba ta da lafiya."

Ya ce, "Ke ina kika sani?"

In na ce na sani, sai na faɗi abin da nake kallo. Na ce, "Na dai ji tana huci."

Ya yi dariya. "To, likitar injin, Allah ya ba ta sauƙi."

Kwana biyu shi ma sakamakon 'yan ajinshi ya ƙi buɗewa, sannan hankalinshi ya tashi. Ranar Asabar da hantsi ya kirawo wani mai rumfar gyaran salula a bakin tasha. Aka yi rashin sa'a babban wan Mushe, wanda duk gidan muke kira Yaya, ya shigo daga ƙauye, yana zaune kan tabarma ana shan shayi. Ni ina bakin madafa ina tankaɗe, kunnena duk yana wurinsu.

Mai gyara bai gama kofin farko ba ya ce, "Mushe, birus ne, cutar injin, ya cika ta. Sai formate. A goge komai, ta dawo sabuwa fil. In akwai abin da kake so, faɗi yanzu in ciro maka."

Mushe ya ce, "Sakamakon yara da takardun buro. Sai waƙoƙin nan in za su samu."

Waƙoƙi! Waƙoƙin da ko ka toshe kunne sai sun biyo ka har banɗaki daga lasifikar titi! Na aje rariya. Na ce, "Malam, akwai wasu abubuwa a ciki."

"Waɗanne abubuwa?"

Sai Yaya ya juyo ya dube ni. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabanshi ba. Maganar ta zo har bakin haƙorina ta koma. Na ce, "Abubuwa dai."

Yaya ya tafa hannu. "Ikon Allah, zamani! An ce mata su fito zaɓe, ga shi har sun shige cikin injin."

Suka kwashe da dariya. Mai gyara ya ƙara da nashi: "Madam, kwantar da hankalinki, ba wanda zai taɓa maki tukwane."

Na dubi Mushe. Shi kuma ya ƙura wa kofin shayinshi ido. Na ɗauki rariyata na ci gaba da tankaɗe. Kafin azahar an gama, har ana sa wa mai gyara albarka.

Ranar Litinin na sa sakata na buɗe. Wani koren fili kawai na gani, ba jaka, ba kibiya, ba komai. Wallahi har ɗaga injin na yi na duba ƙarƙashinta, kamar hoto zai faɗo.

Muna da maƙwabciya mai aikin sakatariya a buro, wato ofishin magajin gari. Na shiga wurinta da sunan aron turmi, na daure na faɗa mata, don ita ba surukata ba ce. Ta riƙe baki. Ta ce, "Wayyo ƙawata! Ai wannan birus ɓoye abu yake, ba ya cinyewa. Kullum da shi muke fama a buro. Yadda ya ciro takardun nan, haka zai ciro hotunan, da an faɗa mashi. Su masu gyaran nan abu ɗaya suka iya. Ciwon kai formate, ciwon ciki formate."

Na ce, "To yanzu fa?"

Ta ce, "Ya riga ya zuba sabbin abubuwa a kai. A kai Maradi a gwada, amma kada ki sa rai." Daga baya an kai ɗin. Ba a samu ko ɗaya ba.

Ashe suna nan! Ranar Asabar ɗin nan, ina tankaɗe, ɗiyata na nan cikin injin, taku huɗu daga inda nake zaune, kalma ɗaya kawai ake jira. Na koma gida ko turmin ban ɗauka ba.

Da la'asar Mushe ya dawo. Ban bari ya cire takalmi ba. Na ce, "Malam, waƙa ka tuna."

Ya tsaya. Ya ce, "Na tuna da su. Wallahi tun da mutumin ya buɗe baki su ne a raina. Amma Yaya na zaune. Da kika yi magana na ɗauka ke za ki faɗa."

Da cewa ya yi ya manta, da ya fi mani sauƙi. Manya biyu, uwa da uba, abu ɗaya a ransu, kowa na jiran ɗan'uwanshi ya zama marar kunya! Shi da ya yi karatu har ya koyar da 'ya'yan wasu, ni yake jira, mai aji uku?

Na ce, "Su wa ka tuna? Faɗi mana. Hotunan wa?"

Ya sunkuyar da kai. Sai na faɗa mashi. Na kira sunanta da ƙarfi, sau uku, har ƙaninta ya firgita a bayana, har na ji dakan maƙwabta ya tsaya. Na ɗauki cikinta, na haife ta, na shayar da ita wata ashirin, ban taɓa kiranta da sunan nan tana ji ba. Sai ranar, da ba ita, ba hotonta. Mushe ya zauna a bakin ƙofa ya rufe fuska da hula.

Ban ce a yar da kunya ba, da ita aka rene ni, da ita nake renon nawa. Amma tun daga ranar na yanke wa kaina wasu hukunce-hukunce, kuma ban nemi shawarar kowa ba. Injin ba rumbu ba ne, abin da kake so kada ya kwana wuri ɗaya. Duk yaron da aka ɗauka hoto a gidan nan, cikin makon nake sa a wanko shi, in sa a ƙasan akwatina. Kilen da ban san inda ya kwana ba ba ya shiga injinmu, ko na wane ne, kuma Mushe bai ƙara tambayata ina na sani ba. In kuwa mai gyara ya ce a faɗi abin da ake so, to a faɗa da suna, ko duk surukan duniya ne zaune a tabarma. Mutum ne ke gane shiru har ya yaba maka. Injin ba ta san kara ba, abin da ba ka kira sunanshi ba gogewa take yi.